Kwanakin da Muka Ajiye Wuƙa

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Shugaba ya ce in riƙa rubuta duk abin da ya faru, da rana da lokaci, saboda gaba. Ni ne sakataren ƙungiyar mahauta, ba don na fi kowa hankali ba, sai don ni kaɗai na zauna a aji har na iya haɗa baƙi. To ga shi na fara, a bayan littafin taro.

Yau da hantsi muna tsakiyar fiɗa wani ɗan ofishin tsara gari ya kawo takarda. Da hankici a hanci ya shigo, yana ɗaga ƙafa kamar kaza a cikin ruwa. Na goge hannu a riga na karanta wa mutane. Wai an mayar da unguwar nan ta gidajen zama. Wai masu sababbin gidajen da ke bayan katangarmu sun kai ƙara: wari, ƙuda, hayaƙin babbaka, jini a magudana, kukan shanu da asuba. Wai kwamiti zai zauna ya duba ko za a tashi mayanka a kai ta bayan gari.

Bayan gari! To da nan ɗin ina ne? Shekara arba'in da bakwai mayankar nan tana nan. Ranar da mahaifina ya fara kawo ni, daga bakin ƙofa ba ka hango komai sai gonaki. Garin ne ya tako da ƙafarsa ya same mu. Da idonsu suka ga ungulu, da hancinsu suka shaƙa, suka sayi filayen da araha saboda mu, yau kuma mu ne wari.

Ina karantawa Dogo, abokin fiɗata, yana kallona ta gefen ido. Na san dalili. 'Yata ta fari a ɗaya daga gidajen nan take, kuma mijinta a wannan ofishin yake zanen taswira.

Laraba, 5 ga wata, bayan la'asar

An yi taro a kan dandamalin yanka, mu talatin da biyu. Shugaba ya haura saba'in, a hannun mahaifina ya koyi riƙon barho, kuma har gobe in ya yi gyaran murya ba mai tari. Ya ce, "Ba sa son warinmu. To mu gani ko suna son namanmu."

Za mu ajiye wuƙa. Kowa ya kawo tasa aka zuba a duro, da barho da gatari da dutsen wasawa, aka kai sito. Muka rantse da Allah ɗaya bayan ɗaya cewa ba mai zubar da jini a dandamalin nan sai an janye takardar. Wallahi muryata ta fi ta kowa, har Dogo ya ce in rage wa na baya. Na kulle ƙofa, makulli yana aljihuna.

Alhamis, 6 ga wata, asuba

Kwana na ɗaya. Na tashi na sa takalmin roba kafin in tuna.

Asabar, 8 ga wata, azahar

Kasuwa ba nama. Tebura a kife, ƙuda ma sun rasa wurin sauka. Muna zaune a inuwar ƙofar mayanka wata mata daga sababbin gidajen ta tsayar da mota tana tambayar ko da kilo ɗaya. Dogo ya ce, "Hajiya, nama ya ƙare, sai dai wari, shi ma saura kaɗan." Mun yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji daɗi haka na manta.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Surukina ya zo. A ƙofar mayanka ya same mu, da farar rigarsa da tabarau. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ina son magana da kai a gefe."

Na ce, "Nan ma gefe ne. Faɗi."

Ya ce ofis ba shi da ikon tashinmu, izininmu ya girmi taswirar. Iyakarsu su tilasta mu gyara magudana mu daina ƙona taya. Amma wai akwai sharaɗi a tsohon izinin: idan aka yi kwana talatin a jere ba a yi yanka a wurin ba, izinin ya mutu da kansa. Ya ce, "Baba, a ofis ba mai haushin yajin nan, kwana suke ƙirgawa. Ko akuya ɗaya ce ku yanka, Likitan dabbobi ya buga hatimi, ku ci gaba da yajinku."

Dogo ya ce, "Kai yaro, da sa hannunka a takardar ƙarar ko babu?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce akwai. Wai saboda hayaƙin ne kawai, ƙaramar tasu ba ta rabuwa da tari.

Sauran ba na littafin ƙungiya ba ne. Na dai ga Dogo ya tsinci tabarau a ƙasa ya miƙa masa, gilashi ɗaya ya fashe. Surukina ya karɓa ya hau babur ɗinsa. Mutane suna ta cewa na kyauta, aiko shi aka yi ya karya mana yaji. Tafin hannuna yana zafi har yanzu.

Laraba, 12 ga wata, safe

Uwar yara ta ajiye min abinci a bakin ƙofa ta juya.

Juma'a, 14 ga wata, bayan la'asar

Duk Juma'a 'yata tana kawo min jikoki. Yau na share zaure da kaina, na zauna har rana ta yi ja. Ba komai. Dama ƙafata na ciwo, ba zan iya da hayaniyarsu ba.

Litinin, 17 ga wata, hantsi

Kwana goma sha biyu. Motoci biyu masu sanyi sun shigo kasuwa da nama daga wani gari, a daskare kamar itace. Na ce ba mai saye. Kafin azahar ya ƙare ƙaf. Shugaba ya ce kwana biyu ne, in cikinsu ya ɓaci za su neme mu da kansu. Har an fara cewa shugaban kwamiti zai zo ya ba mu haƙuri. Wa ya faɗa? Kowa ya ce wani ne ya gaya masa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na bi ta gidan Dogo in karɓi aron tsani. Tun daga lungu na ji, hancin mahauci ba ya ƙarya. Ga jan ruwa yana fitowa ta rariya. Na shiga na same shi tsugune a bayan ɗaki yana fiɗar tunkiya da wuƙar girkin matarsa.

Na ce, "Dogo, ina rantsuwar?"

Ya ce, "Sakatare, nan dandamali ne? Yara tara gare ni, rantsuwa za su ci?" Ya ce in je gidan 'ya'yan Shugaba in ga saniya guda a rataye.

Ashe kowa yanka yake yi, a bayan ɗaki, a gareji, a kango, ba Likita ba hatimi, ana sayarwa a leda ta bayan gida. Ni kaɗai ne sakaran da ke cin miya ba nama. Na fasa aron tsanin.

Asabar, 22 ga wata, azahar

Kwana goma sha bakwai. Ban san me ya sa nake ƙirgawa ba, tunda ƙarya yaron ya yi.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

'Yata ta zo, ita kaɗai. Ba ta shiga wajen uwarta ba, a zaure ta durƙusa. Ta rame. Ta ce, "Baba, ban zo kawo ƙara ba. Kunnensa na hagu har yau bai dawo daidai ba, amma shi ya ce in zo. Ya ce tunda ba ka yarda da bakinsa ba, ka duba naku izinin. Shafi na uku."

Na ce ta gaishe da yara. Abin da na iya cewa ke nan.

Tana fita na jawo akwatin ƙarfen ƙungiya daga ƙarƙashin gado. Shekara goma sha tara yana hannuna, ban taɓa wuce shafin farko ba, inda hatimi yake da ɗan yatsan mahaifina a cikin na waɗanda suka dangwala. Takardar ta yi ja, gara ta ci gefe. Shafi na uku, layi na biyu daga ƙasa. Yana nan, kamar yadda ya faɗa, kwana talatin a jere.

Innalillahi. Yau ashirin.

Laraba, 26 ga wata, hantsi

Na kai wa Shugaba takardar har gida. Na karanta masa, na ɗora yatsansa a kan layin. Ya janye hannu ya ce, "Ni na ga lokacin da aka buga hatimin nan, kai kana rarrafe. Ba wanda ya ce mana kwana talatin."

Na ce, "Baba, ba a ce ba, amma an rubuta."

Ya ce, "Surukinka ne ya karanta maka ko kai ka karanta?"

Na haɗiye maganar. Na ce akuya ɗaya ce fa, ba wanda zai ce mun janye. Ya ce gari ya kusa durƙusawa, yanzu ne zan ce ya zubar da girmansa a kan akuya? Mutum talatin da biyu sun kama sunan Allah. Na buɗe baki in yi maganar saniyar da ke gidan 'ya'yansa, sai na tuna ranar da ya ɗauki gawar mahaifina, na yi shiru. Na tsani shirun nan nawa.

Asabar, 29 ga wata, bayan la'asar

Na tayar da maganar a taro. Ban kai ƙarshen layin ba aka taso min. Wani ya ce ofis sun saye ni. Wani ya ce ai dama jini ya fi ruwa kauri, mai 'ya a sababbin gidaje ba ya cikinmu. Ni! Ni da na yi abin da na yi a gabansu, suna tafa min. Dogo ya san gaskiya nake faɗa, na ga idonsa, amma ƙasa ya yi ta tona da ɗan yatsa.

Girman kai rawanin tsiya. Nawa ya fi na kowa girma, ni na fara naɗa shi.

Litinin, 1 ga sabon wata, asuba

Ashirin da shida.

Talata, 2 ga wata, asuba

Ashirin da bakwai. Uwar yara ta ce ina magana a cikin barci. Wannan ce maganarta ta farko da ni tun ranar.

Laraba, 3 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ashirin da takwas. Na je kara, kasuwar dabbobi, na sayi ɗan akuya baƙi, na ɗaure shi a bayan ɗaki. Daga nan na wuce ofishin Likita, likitan dabbobin da ke duba mana hanta da huhu ya buga hatimi a cinya. Na same shi yana gyangyaɗi, wata guda ba aiki. Na gaya masa. Ya ce, "Ni aikina in duba in buga in rubuta a rajista. Ka tabbata dai za ka iya da mutanenka?" Na ce ban tabbata ba. Ya ce to gobe ƙarfe shida.

Na tambayi malamin masallacinmu kaffarar rantsuwa, ya gaya min. Wannan mai sauƙi ce. Ta mutane ce ban san yadda ake yinta ba.

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

An yi.

Daga masallaci na jawo akuyan. Kwaɗon ya yi tsatsa, da ƙyar ya buɗu. Ban taɓa ganin dandamalin a bushe ba. Ciyawa ta fito a magudana, ƙadangaru suna shan iska a kan ƙugiyoyi, ko ungulu ɗaya babu. Na tono wuƙata daga duro na wasa ta.

Ƙarfe shida na ji babur. Likita ne a baya, surukina ke tuƙi. Ban aika masa ba. Ya gaishe ni na amsa. Ba mai riƙe min dabba, sai ya naɗe hannun farar rigarsa ya danne ƙafafun, bai ma san yadda ake yi ba, akuyan ya shure shi sau biyu. Na yi bismilla na yanka. Jini ya feso masa a wando bai matsa ba. Na so in ce wani abu, abin da ya fito shi ne, "Riƙe da kyau."

Na feɗe, Likita ya tsaga hanta ya duba, ya buga shuɗin hatimi a cinya, ya rubuta: akuya ɗaya, rana kaza, mayanka kaza. Surukina ya ce, "Shi ke nan, Baba. Ƙirga ya koma farko." Na zauna a kan siminti.

Ina wanke dandamali na ɗaga kai na ga Dogo a bakin ƙofa, da mutum uku a bayansa.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun karɓi makulli. An kore ni daga ƙungiya, ba ni ba rumfa a kasuwa. Wannan na sa rai da shi, na miƙa ba musu.

Amma labari ya zaga kasuwa cewa yajin mahauta ya karye, masu tebura suna ta yi wa Shugaba dariya. Wannan ne ya ƙona shi. Ya ce a rubuta wa ofis takarda: yaji yana nan daram, ƙungiya ba ta yanka ko kaza ba tun biyar ga watan jiya, wanda ya yi yankan jiya ba ɗanta ba ne, da makullin sata ya shiga.

Na ce, "Baba, don girman Allah. Izinin da sunan ƙungiya yake. In kun ce yankan ba naku ba ne, kun soke shi da hannunku. Ku kore ni, ku zage ni, ku ce ni kare ne, amma ku bar akuyan nan a rajista."

Ya ce, "Kai ne mai alƙalami. Rubuta, shi ne aikinka na ƙarshe."

Na ce sai dai a yanke hannun.

Ya ce ba sai an yanke ba, akwai masu buga takarda a bakin kotu. Na durƙusa masa a gaban kowa, da furfurata. Na kama ƙafarsa. Ya zare.

Asabar, 6 ga wata, azahar

Talatin da ɗaya suka dangwala. Dogo ma.

Lahadi, 7 ga wata, safe

Naman akuyan yana nan. Uwar yara ta aika wa maƙwabta, gida biyu sun dawo da shi.

Talata, 9 ga wata, bayan la'asar

Surukina ya zo da yaran duka. Ƙaramar ta hau cinyata tana ja min gemu, tarin ya sake ta tun da aka daina babbaka. Na lura. Ya ce takardar ta iso ofis jiya. Shugaban kwamiti ya karanta sau biyu ya ce a haɗa ta da fayil, ba sai an yi zama ba.

Da zai tafi na raka shi har bakin titi, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Kunnen fa?" Ya ce, "Da sauƙi, Baba." Sai da na maimaita tambayar ta ɗaya gefen kafin ya ji.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ƙafa ce ta kai ni, ba ni da abin yi a can. Daga nesa na ga sabuwar sarƙa a ƙofar mayanka da kwaɗon da ba namu ba, an manna farar takarda a jikin ƙyaure. Duron wuƙaƙenmu an fito da shi an ajiye a gefen titi.

Shugaba yana tsaye shi kaɗai a gaban takardar, da makullin da ya karɓa a hannuna. Ya gwada shi a kwaɗon, na ga lokacin. Na juya zan koma sai ya ce, "Sakatare."

Na ce, "Na'am, Baba."

Bai kalle ni ba. Ya nuna takardar da haɓa ya ce, "Me suka ce?"

Na matsa na karanta masa. Cewa bisa shaidar da ƙungiyar mahauta ta bayar da kanta a rubuce, an yi kwana talatin a jere ba yanka a wannan wuri. Cewa izinin ya faɗi. Cewa an rufe mayanka daga yau, ba za a sake buɗe ta ba.

Leɓensa ya yi ta motsi. Can ya ce, "Wa ya ba da shaidar?"

Na ce, "Mu, Baba."

Ya ce in sake karantawa daga farko, a hankali. Na sake.